Daƙiƙa Biyun Lalla Zhor

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ana kiran sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran yayata, Lalla Zhor, a gidanta da ke Kasablanka, tana da shekara saba'in da takwas. Shi Ya ba mu ita, kuma wurinSa kowa zai koma. Lalla, yau kwana uku muna zaman makoki, amma duk wanda ya shigo gaisuwa sai hira ta zame ta koma kan tseren nan, mu ɓuge da dariya har liman ya harare mu. Na san ba za ki ji haushi ba.

A shekarun da ake rufe titunan bakin teku domin tseren motoci, ni ƙaninki Larbi ina cikin direbobi, kuma ina da wata cuta da kowa ya sani. Da zarar na ga na yi wa mutane nisa, sai hankalina ya tafi yawo. In fara tunanin inda zan ajiye kofi, in ɗaga wa masu shan shayi hannu. Shekara biyu a jere ina kan gaba na rungumi katanga ɗaya a kwanar hasumiya. Si Mbarek, mai garejin da ya mallaki motar, ya ce da ni a gaban kowa, "Larbi, ka ƙara sumbatar katangar nan, wallahi tasi za ka koma ja."

Ke malamar lissafi ce, ba ki taɓa riƙe sitiyari ba. Amma a shekara ta uku kika karɓi agogo da allo da alli, kika ce ke za ki tsaya a bakin titi ki riƙa rubuta mini tazarar da ke tsakanina da na bayana.

Zagaye arba'in za a yi. Na fita a gaba, Kabbaj mai jar mota yana bina. Zagaye na farko kika ɗaga allo: daƙiƙa biyu. Na biyar, biyu. Na goma, ɗaya. Madubi sai rawa yake, tituna duk kwana ne, ba na ganin komai a baya sai tsoro. Ban taɓa tuƙi irin na ran nan ba. Ban ga teku ba, ban ga 'yan kallo ba, daga birki sai giyar mota sai allonki.

A zagaye na talatin da biyar na hango jar mota a gabana. Na duba lambarta sau biyu. Kabbaj ne, mutumin da kika ce yana shinshina ƙeyata, ashe saura ƙiris in ba shi ratar zagaye guda cur. Raina ya ɓaci, sannan daɗi ya kama ni, sannan na ji tsohuwar cutar tana tasowa. Har na soma shirya abin da zan faɗa wa 'yan jarida.

Daga nesa kika gane asiri ya tonu. Da na iso gabanki babu allo a hannunki. Kin cire takalmin ƙafarki na dama, irin wanda kike lallasa ni da shi muna yara, kin ɗaga shi sama, kina tsaye da ƙafa ɗaya a gaban dubban mutane. Haka kika yi mini har zagaye biyar. Kwanar hasumiya kuwa na bi ta a ladabce.

Da na sauko na ce, "Lalla, yanzu malama guda da ƙarya?"

Kika ce, "Rufe mini baki, mai ƙaton kai. Da na ba ka gaskiya da yanzu ana kankare ka daga katanga."

Si Mbarek ya yi dariya har ya zauna a kan taya, kuma shekara tara na ƙara ina jan motarsa.

Haka kike da kowa. Ɗalibanki sun cika gidan nan suna ba da labarin yadda kike faɗa musu ba su shirya ba, sai sakamako ya fito su tarar sun yi zarra. Kuskus ɗinki na Juma'a bai taɓa sanin adadin masu cinsa ba.

Washegarin tseren jaridu suka buga sunana da hotona, naki ko harafi babu. Na ji daɗin abin na yi shiru, kuma shirun ya daɗe. Yau na rubuta da hannuna: Zhor ce ta ci tseren nan, ni matuƙi ne kawai.

Allah Ya jiƙan ki, Lalla, Ya yafe kurakuranki har da ƙaryar da kika yi domina, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Nezha da Abdelhak, da jikoki da ɗalibai, Allah Ya ba mu haƙuri. Duk wanda ya tafa mini a ran nan kuma yana raye, ina roƙonsa ya ɗaga hannuwan nan biyu ya yi mata addu'a.