Dutsen Murhun Iya Gaji

Mun tashi daga Damagaram da asuba, ni da wasu fatake masu zuwa Damargu sayen hatsi. Kowa da kayan arziki a kan jakinsa, ni kuwa nawa dutse ya ɗauko. Dutse fa, jama'a, baƙi ƙirin, irin na murhu! Inna ce ta jawo shi daga ƙarƙashin gadonta ta ce, "Kai wa yayata Gaji, mai rumfar tuwo a garinmu. Ka zuba ido ka ga abin da za ta yi da shi, don shi zai gaya mini ko ina da sauran gari ko babu." Na nemi bayani, ta ce in bar surutu in ɗaure kaya.

Hanyar arewa rairayi ce da ƙarangiya, rijiyoyin kuma zurfinsu sai an ɗaura wa sa igiya ya ja. Ciniki ma ya rikita ni: Bafillatana mai nono ta ce kuɗin wuri take so, mai cuku ya ce shi sai tamma, kuɗin Nasara. Abokan tafiya kuwa suka sa ni gaba. Duk inda aka yada zango sai wani ya ce, "Malam, a sauke amaryar ta huta." Na yi ta haɗiye haushi, don ni ma ban san abin da nake ɗauke da shi ba.

Bayan mun wuce Ollelewa muka isa ƙauyen. Tun shekarar babbar yunwa da Inna ta fice da ni ina ƙarami ban sake taka shi ba. Rumfar tana bakin rijiya, cike da mutane. Baƙi, Buzaye da fatake, suna waje suna biya suna ci. 'Yan gari kuwa suna ciki, su ci su sha su tashi abinsu. Na ce wannan wane irin ciniki ne? Wani dattijo ya ce da kaka kowane gida ke kawo damin hatsi, don rumfar ta girmi garin. Kakar Gaji ce ta kafa ta tana ciyar da masu haƙa rijiya, da duwatsu uku da suka fito daga ramin, gari ya taru a gefenta. Har yau ba a kai amarya ɗaki sai an tuƙa tuwonta a nan.

Na leƙa murhun, sai na ga duwatsu biyu da guntun tulu a kife a gurbin na uku. Tukunya a karkace, tsohuwa na tuƙi tana tokare ta da itace. Ita ce Iya Gaji. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan Inna, na kwance dutsen.

Wallahi sai kowa ya tsame hannu daga akushi. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, dattijon nan ya fara yi mini ta'aziyya. Na ce, "Baba, lafiya lau na baro ta, tana kaɗi!" Ya ce to me ya kawo dutsen? Na ce ni ma abin da nake tambaya ke nan tun Damagaram.

Iya Gaji ba ta ko ajiye muciya ba. Ta ce, "Ɗana, ran da uwarka za ta tafi ni na ciro shi da zafinsa na ba ta, na ce tukunyar garin nan ba za ta zauna daidai ba sai ta dawo da shi da hannunta. Yanzu ta aiko ka don mu sa shi a gurbinsa mu manta da ita? Ban karɓa ba. Ɗauke abinka." Ta sa aka shigar da ni ciki, aka dire mini tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu. Na ciro kuɗi, ta harare ni har na mayar.

Haka na sake ɗora wa jaki dutse. Fatake suka yi dariya har da riƙe ciki, wai an maido amarya.

Da na iso gida raina a ɓace, na dire shi gaban Inna na ce, "Ga shi nan, an ƙi." Ta dubi dutsen, ta ce, "Har yanzu a karkace take tuƙi?" Na ce a karkace. Sai ta rufe fuska da zane, kafaɗunta na rawa, ban san kuka take ko dariya ba. Can ta ce, "Da ta karɓa, da na san ba ni da kowa."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: akwai saƙon da ƙin karɓarsa ne alheri. Washegari Inna ta ce in duba mata jaki mai taushin baya, dutsen kuma kada in taɓa, ita za ta riƙe shi a cinya.