Girkin Mutum Ɗaya

Har gobe ban manta da ranar da na kusa sa hannu a takardar da za ta hana wata tsohuwa sake takawa da ƙafarta ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan nake so ku ji, don na ga yadda kuke rige-rigen cike fom kamar za a ba ku lambar yabo.

A lokacin ina mataki na takwas a sashen kula da cimar marasa lafiya, a wani asibiti a nan Jos. Ga wanda bai san aikin ba, mu ba ma ba da magani, ba ma yin allura. Likita ne ke turo mana mai ciwon suga, ko mai hawan jini, ko wanda ƙiba ta yi wa yawa. Mu ɗora shi a sikeli, mu auna tsayinsa, mu rubuta masa abin da zai ci da abin da zai bari. Sai mu ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya ci kullum, ya dawo duk bayan mako biyu. Idan wa'adi ya cika, akwai gurbi biyu a ƙasan takardarsa, ɗaya na wanda ya bi ƙa'ida, ɗaya na wanda bai bi ba. Za ka zaɓi ɗaya ka sa hannu, likita kuma da abin da ka zaɓa yake aiki.

Wata Talata a farkon damina likitan ƙashi ya turo mini Mama Rifkatu. Guiwarta ta dama ta cinye, sai an yi mata aiki, amma ya ce ba zai taɓa ta ba sai ta sauke kilo takwas cikin wata huɗu. Idan ba ta sauke ba zai cire sunanta daga layi, wanda aka cire kuwa sai ya koma baya ya sake jira. Ta kusa shekara saba'in. Mai dafa abinci ce a wata makarantar gwamnati a wajen Kuru har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta huɗu duk aiki ya watsa su. Babban ya riga ya yanke mata hukunci: idan ba a yi aikin ba zai zo ya kwashe ta zuwa Abuja, gidan sama, inda ko tsakar gida babu. Tun ranar farko ta gaya mini wannan, ta ce gara ta ja ciki a gidanta.

Na rubuta mata abinci mai sauƙi, wanda ba sai ta daɗe a tsaye ba. Da safe kunun acca ba suga, da dafaffen ƙwai ɗaya. Da rana gwaten acca, a cika shi da alayyahu da yakuwa da gauta, mai kuma cokali ɗaya. Da yamma farfesun kifi da kabeji, ko alala, ko dankalin turawa biyu dafaffu. Na ɗauko ƙaramin farantin da muke nuna wa mutane na ce kada ta zuba fiye da cikinsa. Ta yi dariya da irin Hausarta ta mutanen Filato.

"Sista, ni za ka koya ma gwate? Tun ba a haife ka ba nake dafa shi."

Na ce to, Mama, aiki ya zo da sauƙi ke nan.

Wata biyu ta yi tana zuwa ba fashi, tana jan ƙafa da sandarta. Littafinta tsaf, babu soye, babu lemo, babu burodi. Sikeli kuwa bai motsa ba, wani makon ma ya ƙara rabin kilo. Mu masu aikin nan akwai halin da muke ɗauka ba mu sani ba: da zarar littafi da sikeli sun saɓa, mun gama yanke cewa mara lafiya ƙarya yake yi. Sau da yawa ma haka ne, kowa waliyyi ne a littafinsa. Ni kuma lokacin ji nake babu wanda zai yi mini wayo.

Na rufe littafin na ce, "Mama, tsakaninki da Allah, wa ke kawo miki soyayyen nama?"

Ta ce, "Shekara talatin ina riƙe da makullin sito, ko gishiri ba a taɓa nema an rasa ba. Yau kuma a kan ciki na zan yi ƙarya?" Ta ɗauki jakarta ta fita, ko sallama ba ta yi mini ba.

Washegari likitan ya tare ni a baranda, ya ce, "Sista, mutane suna jira. Idan Mama ba za ta bi ba, ki sa hannu in ba wani gurbinta." Na ce Oga a ba ni zuwa Litinin. Kada ku ɗauka tausayi ne ya tsayar da ni. Ƙa'ida ta yarda a ziyarci tsoho a gida kafin a rubuta bai bi ba, sai dai ba mai zuwa, don babu mota. Ni so nake in kama ta dumu-dumu, in sa hannu raina kwance.

Ranar Asabar na shiga mota daga tashar Terminus, na sauka Kuru wajen sha ɗaya na safe, ana yayyafi da sanyin nan mai shiga ƙashi. Gidan yana can ƙarshen layi, bayansa gonar dankali. Ɗakuna shida na ƙirga, biyar da kwaɗo a jiki. Na yi sallama sau uku kafin na ji muryarta daga kicin.

Na same ta a kan kujera, ta miƙe ƙafar mai ciwo, tana juya gwate. Gwaten da na rubuta ne sak, kore shar da ganye, ba ko maiƙo. Tukunyar ce ta sa na tsaya a bakin ƙofa. Abin da ke cikinta zai ƙosar da mutum goma.

"Mama, baƙi za ki yi?"

"Wane baƙi?" in ji ta. "Na ma rage fa. Da kwano ɗaya na acca nake sawa, yanzu rabi."

Ta nuna mini farantinta, ƙarami kamar yadda na ce, har ta sayo irin namu. Da shi take ci. Ta ci da rana, ta wanke, ta zauna. Can ta ga tukunya na nan, ta sake zubawa. Da la'asar ma haka, da yamma ma haka, da safe ta yi ɗumame, har sai ta ga gindin tukunya. Sannan ta buɗe littafi ta rubuta gwate, layi ɗaya. Ba ta yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba. Ni ce na koya mata abin da za ta zuba a faranti, ban taɓa gaya mata abin da za ta zuba a tukunya ba.

Na tambaye ta me ya hana ta sa a firji. Ta ce wuta sai ta ga dama take zuwa, sau biyu abinci ya lalace mata. Na ce maƙwabta fa? Ta ce tsofaffin sun mutu ko sun tashi, sababbin sun ja katanga, suna fita aiki tun sassafe. Ta taɓa aika wa wani gida, aka dawo mata da kwanon da godiya, an ce sun ƙoshi, ba ta sake ba. Da na ce to ta zubar mana, sai ta kalle ni kamar na yi saɓo.

"In zubar da abinci, Sista? Da wane ido zan kalli Allah?"

Ni a unguwar Gangare na tashi, gidanmu mun fi mutum ashirin. Ba a sauke tukunya ta kwana, ko ƙanzo sai an yi faɗa a kansa. A makaranta an koya mini abincin da ke ƙara ƙiba da wanda ke rage ta, amma daga gida har makaranta ban taɓa tunanin abinci zai rasa mai ci ba. Kunya ta kama ni a kicin ɗin nan, irin wadda ba ka san inda za ka sa idonka ba.

Na shiga bincika kayanta har na samo wata 'yar tukunya a bayan kantar kwanuka, da gwangwanin madara. Na ce daga yau rabin gwangwanin nan na acca, ganye cike da hannu biyu, a wannan tukunyar. Za ta sauke, ta ci, ya ƙare. Ta karɓi tukunyar ta juya ta, ta ce a ciki take dama wa autanta kunu yana jariri. Sai ta miƙo mini ita.

"Ba zan iya ba."

"Mama, ya fi sauƙi fa. Minti ashirin kin gama."

"Na sani," in ji ta. "Amma babban tukunya idan yana kan wuta, ko wa ya shigo zai ci. Idan na ɗora wannan, na yarda ke nan ba mai zuwa."

Wannan babu shi a takardunmu. Na tashi na wanke 'yar tukunyar na ɗora da kaina, na auna gwangwani ɗaya, nata da nawa. Tana daga zaune tana ba ni umarni, ta ce yankan ganyena na malalata ne, kuma na yi saurin sa yakuwa. Muka ci tare. Ta ce gishiri bai ji ba, amma ta cinye. Babbar tukunyar kuwa ni na juye ta a roba na taho da ita gida.

Ranar Litinin na je wurin likita na ce kuskuren daga takardata ne, ba daga Mama ba, a ƙara mata wata biyu a kan biyun da suka rage. Ya yi ta faɗa, sannan ya ce, "Wata biyu, Sista. Bayan nan ba ruwana." Na sake rubuta mata takarda da awon tukunya: acca rabin gwangwani, wake gwangwani ɗaya ya ba ta alalar rana da ta yamma, kifi yanka ɗaya, dankali biyu kawai za a fere. Na kuma yi mata alkawarin zuwa duk Asabar mu ci tare. Na je sau biyu. Ta uku biki ya taso a gidanmu, ta huɗu na gaji, daga nan sai waya, wayar ma ta ja baya. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba.

Sikeli ya fara sauka a hankali. Ranar da wa'adi ya cika ta hau, ta sauke kilo takwas da rabi. Nas-nas suka yi mata tafi, ni ma murna ta cika ni, na ce Mama kin ga kin iya. Ta sauko tana neman sandarta.

"Na iya yanzu, Sista," in ji ta. "Kafin sha biyu na dafa, na ci, na wanke. Sai in zauna in jira yamma."

Na sa hannu a gurbin wadda ta bi ƙa'ida, don ta bi. An yi mata aiki, ta taka da ƙafarta, ba ta je Abuja ba, tana gidanta. A takarda wannan nasara ce, har an yabe ni a taron sashe.

Abin da na ɗauka daga nan kaɗan ne. Kada ku yi saurin cewa mara lafiya maƙaryaci ne don sikeli ya ƙi ku. Kuma abincin mutum ɗaya ba shi da wuyar dafawa, kowannenku zai iya rubuta shi cikin minti biyar. Zaman cinsa ne ke da wuya. Kafin ku ce wa mutum ya rage, ku tambaye shi wa ke zama da shi idan ya sauke tukunya. Ni na sani a makare, kuma da na sani ɗin ma, Asabar biyu kawai na iya ba ta.