Man Kaɗen Inna a Tankin Baba

Ni na kawo maganar nan gidanmu, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan Kontagora, kuma a lokacin ɗan abin da na karanta ya kumbura mini kai. Shekarar da dizal ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, Baba ya fara yin kwana uku, huɗu bai tayar da akori-kurarsa ba. Tsohuwar mota ce, ta girme ni. Da ita yake kai 'yan kasuwa da buhunansu Auna ranar kasuwa, sauran ranaku ya yi jigilar masara. Mutum ne da idan bai fita ba ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Na ce masa injin dizal yana cin man suya idan an tace shi sosai an gauraya da dizal. Ya dube ni ya yi dariya.

"Malama, wato motar tawa za ki mayar kaskon ƙosai?"

Amma ya yarda. Na shiga bin masu ƙosai da awara ina roƙon man da suka gama da shi. Su kuwa ba sa rabuwa da mai sai ya yi baƙi ƙirin, don haka kaɗan-kaɗan nake samu. In dafa shi ruwan ciki ya fita, in tace da tsohon ɗankwali sau uku, in zuba a jarka a bayan ɗaki.

Abin ya yi aiki, wallahi ya yi. Baƙin hayaƙin nan ya ragu, dizal ya riƙa daɗewa, bututun hayaƙin motar kuma sai ƙamshin suya. Direbobi a tasha suna ganinsa sai su ce a kawo koko, ga ƙosai ya iso. Baba ya yi ta dariya yana cewa aikin 'yarsa ne. Ban taɓa jin daɗin karatuna kamar a watannin nan ba.

Inna 'yar ƙauyen Beri ce. Kowace damina sai ta je ƙauye ta tsinto kaɗanya, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta yi ta bugu har kafaɗunta su riƙe. Man kaɗen da ta fitar ba ta sayarwa. Da shi take miya, shi take shafa wa gwiwoyinta. Da ruwa ya kankama, man suya ya yi mini wuya, ina ta mita a tsakar gida cewa jarka ta kusa ƙarewa. Ban taɓa zaunar da ita na yi mata bayanin wane mai ne yake yi, wane ne ba ya yi ba. Gani nake ba fanninta ba ne. Wannan rainin shi yake cina har yau.

Wata safiya bayan an sha ruwa, gari ya yi sanyi, mota ta ƙi tashi. Aka tura, aka tura, ta yi tari ta mutu. Bakanike ya kwance tiyon mai ya zaro wani abu fari-fari a daskare. Baba ya lakato da yatsa, ya murza, ya kai hanci. Shekara talatin da wani abu yana jin wannan ƙamshin a jikin matarsa. Ni ma na gane shi. Bakanike ya ce famfon injin ya tafi, irinsa kuma an daina samu.

Na juya zan nufi gida, raina yana tafasa. Baba ya riƙe gefen mayafina.

"Ina za ki?"

"Baba, ai Inna ce ta..."

"Na sani. Idan kika faɗa mata ban yafe ba. Tsufa ne ya kashe motar nan. Kin ji ko?"

'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo suka ja ta. Baba bai sake riƙe sitiyari ba. Ya koma zama a ƙofar gida yana ɗaga wa direbobi hannu, yana ramewa a kan idonmu. Damina biyu ya ƙara, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, wata rana da la'asar na tarar da Inna tana shafa man kaɗe a gwiwa. Ta ce in zauna.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da manku ya ƙare, na narka nawa na shekarar duka, na juye a jarkarki. Sau biyu ya je Auna da shi." Ta yi murmushi, idonta cike da ƙwalla. "Kin ga ni ma na kai shi kasuwa. Ya yi masa amfani ko?"

Na jawo kwanon man, na ɗora ƙafarta a cinyata.

Na ce, "Ya yi masa amfani, Inna."