Dakta Habibu da zaren da na gutsure

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin adaidaita a Gyaɗi-Gyaɗi da safiyar nan zan tafi aiki, saƙo ya shigo group ɗinmu na makaranta: Dakta Habibu ya rasu. Har Unguwa Uku aka wuce da ni ban ce a sauke ni ba.

Shi ya koya mana darasin ƙwayar halitta a aji biyu. Sauran malamai da laftof suke shigowa, shi da baƙar leda: gyaɗa mai ɓawo, zaren ɗinki, da guntayen tsinken tsintsiya.

"Kowa ya cinye gyaɗarsa, ya bar min ɓawon," in ji shi. Sai ya yanko wa kowa zare mita biyu. "Tsawon DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya tak ta jikinku ke nan. Ɓawon kuma cibiyar ƙwayar ce, har na yi muku sauƙi, ta gaske ido ba ya ganinta. Ku saka min shi ciki."

Muka cukuikuye, muka cusa, muna jin mun iya.

"Madalla. To ku zaro min wurin da na ɗiga jan biro, kar ya harɗe."

Wallahi ranar har da masu jan zare da haƙori.

Sai da muka galabaita sannan ya nuna mana. Ƙwaya ba ta cusawa. Naɗe zaren take yi a jikin wasu ƙananan sunadarai, su ne tsinkayen nan, ta tattara su, ta lanƙwasa madauki-madauki. Inda take buƙata kullum ta bar shi sako-sako, inda ba ta buƙata ta matse shi kamar kayan sallah a ƙasan akwati. Wannan naɗin shi ne kromatin.

Yanzu bari in tona kaina.

Na taɓa faɗuwa kwas ɗin sau ɗaya, in na sake kora ce. Ga Babanmu ya gama sanar da duk layinmu cewa 'yarsa likita ce, har tsofaffi sun fara kawo min ƙarar ciwon gwiwa. Ranar gwaji lokaci ya kusa ƙarewa, ɓawona ya ƙi rufuwa. Na sunkuya kamar zan yi tari, na gutsure kusan rabin zaren, na rufe abina tsaf.

Dakta ya buɗe, ya duba, ya kalle ni, ya rubuta. Na ci. Ya ce in riƙa zuwa ofis duk Asabar in taya shi naɗa wa 'yan aji na gaba. Ni har ina hura hanci, wai an ga gwaninta. Wata uku ina naɗin zare, har na iya shi ido rufe.

Amma abin ya tsaya min a rai. Duk ranar da aka kira ni likita, sai in ji guntun zaren nan a haƙorina.

Watan jiya na ji yana kwance, na je gidansa a Daurawa, na ƙudurta yau sai na faɗa. Ya rame sosai, amma bakin yana nan. Na durƙusa na ce, "Malam, akwai abin da na yi maka, ina neman afuwa."

"Rukayya, zaren ne?"

Na ɗago na kalle shi.

"Ai guntun yana reto a mayafinki har kika fita daga ajin. Ke a zatonki Asabar ɗin nan lambar yabo ce? Na ce wadda ta fahimci sai an rage wani abu kafin ya shiga, ta kusa ganewa. Saura a koya mata naɗi ake yi, ba yanka ba."

Ina kuka yana dariya har tari ya sarƙe shi, Hajiyarsa ta leƙo ta ce in dai kashe mata miji na zo yi, in tashi.

Shekara da shekaru yana riƙe da abin da zai kunyata ni, ko matarsa bai faɗa wa ba.

Ya Allah, bawanka Habibu ya ga laifina ƙiri-ƙiri, ya rufa min asiri, ya gyara ni. Ka rufa masa nasa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai sa shi a addu'a ba.