Shekarar da Na Ware Hatsin Baba

Shekara huɗu na yi a lekol, makarantar boko, a Tawa kafin mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, munka rabu lafiya. Amma a ƙauyenmu, can gefen Kalfu, shekara huɗu ta isa a kira mutum ya karanta takardar kwamanda, ko da a juye ya riƙe ta. Don haka mai karatu ya gyara zama, masani ne ke magana.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wata Lahadi a kasuwar Tawa, na gamu da malamin gona, wani dogon Bazabarme da anka turo mana. Ya baza zangarniyar hatsi bisa tabarma yana yi wa manoma bayani, Hausarsa na ɗingishi. Na tsoma baki da Faransancina, wanda shi ma da sanda yake tafiya. Ya ji daɗi, har ya ba ni kyautar kalma ɗaya: bariyete.

Na ce, "Mushe, mi ke nan?"

Ya ce, "Duba. Wannan hatsi, wannan ma hatsi. Gida ɗaya suka fito, amma ga dogo, ga gajere, ga mai gashi. Kowane da halinsa, kowane da kwanakin da yake yi kafin ya nuna. Kowane ɗaya bariyete ne."

Ashe abin da muke ce wa iri-iri ne anka sa wa wando da takalmi. Na kawo kalmar gida kamar wanda ya sayo rediyo. Awakin Inna na ƙirga su bariyete uku. Miyar matata kuwa na shaida mata bariyete ɗaya ce tun da anka kawo ta, na kwana biyu ina cin tuwo gaya.

Ana gab da shuka kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa, ya kwantar da shi. Ya kira ni ya ce gandu bana yana hannuna. Baki goma sha ɗaya ke ci daga gonar nan, har da 'ya'yana biyu. Na shiga rumbu na sauko da damin irin da ya keɓe tun kaka, sai na tarar da abin kunya: dogon zango, da gajeren nan mai saurin nuna, da mai gashi wanda tsuntsu ba ya so, duk a ɗaure wuri guda kamar 'yan kasuwa a mota. Haka Baba ke shuka su, a cuɗe, haka ya gada.

Gaskiya malamin gona bai ce in yi abin da na yi ba. Ni da ilimina ne munka zauna munka yanke. Na ware su kashi uku, na zaɓi zango, don shi ne mai tsawo da kwarjini, na sa anka sussuke shi daban. Na ce wa Inna da matata shi kaɗai za a shuka.

Inna ta ce, "Ubanka ya sani?"

"Inna, wagga magana ta ilimi ce."

"To, madalla da ilimi."

Ruwa ya sauka, munka fita. A wurinmu namiji ke gaba da sungumi yana sara, mata na biye da ƙwarya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Na yi ta sara ina taƙama, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Hatsi ya tsiro, munka yi noma, munka yi maimai, kore shar, ba ka gane wane daga wane.

Sai ruwa ya ɗauke da wuri. Kwana goma, kwana ashirin, sama fes. Na san zango sai ya sha ruwan ƙarshe yake yin ido. A gonakin da ke bakin gari gajeren hatsin maƙwabta ya riga ya ɗauki tsaba, namu kuwa can nesa bayan dutse, na kasa zuwa in gani. Kullum sai in ƙirƙiro aiki a Tawa. In na ga 'ya'yana na shan fura sai in dubi rumbu. Kalmar nan kuwa ta bushe a bakina, ko akuya ban ƙara kira da ita ba.

Wata safiya na durƙusa gaban Baba na faɗa masa duka. Ya ci gaba da naɗe kurkununsa a tsinke, bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Mushe, ka je gonar?"

"A'a, Baba."

"To tahi. Masani ba ya kuka daga gida."

Inna ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta cire yakuwa, ta biyo ni. Da munka haura dutse na hango zango tsaye, dogaye, kai babu komi, kamar yadda na ji tsoro. Na matsa kusa. A gindin kowane, a rami guda, ga gajere ya sunkuya da nauyi, ga mai gashi cike da ido. Na bi layi ɗaya har ƙarshe, na koma wani, na koma wani. Ko'ina haka. Na zauna a ƙasa.

"Inna, wa ya yi wanga aiki?"

"Kai ka sara rami, ɗan nan. Mu munka riƙe ƙwarya."

"Amma na ce..."

"Ka ce, mun ji. Ni da matarka munka gama su wuri guda tun ranar sussuka. In ruwa ya daɗe dogo ya ci da mu, in ya gudu gajere ya ci da mu. Ko a lekol an gaya maka ranar da ruwa za shi ɗaukewa?"

Na yi nazari sosai, na ga ba a kai ga wannan darasi ba sa'ad da na fito.

Ta karyo zangarniya biyu, ta hura wuta da kara ta gasa tumu, ta murje a tafin hannu ta miƙo mini. Na ci har da toka. Hatsin shekarar nan bai cika rumbu ba, amma ya kai mu wata damana, ba mu sayar da akuya ko ɗaya ba.