Taswirar Yaya Habu da Rafin da Aka Cike

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Habu, kuma wallahi har yau in na tuna shi, fushi ke riga hawaye zuwa.

Masanin ƙasa ne a wata hukumar gwamnati nan Abuja. Tun ranar da ƙasa ta motsa a gefen gari, mutane suka fito a guje ba takalmi, bai ƙara samun sukuni ba. Yakan ce, "Ranar girgiza sai Allah. Amma inda za ta fi tsanani, wannan ana iya lissafawa." Dutse na riƙe kansa, in ji shi, amma ƙasar da aka cike rafi da ita rawa take kamar kunu a kwano.

Kwamfutarsa ba ta san inda tsofaffin rafuka suka bi ba, don an binne su. Sai ya riƙa zuwa Jiwa wurin dattawan manoma, suna nuna masa da sanda inda ruwa ke kwanciya a da, shi kuma yana auna ƙasar. Abokan aikinsa har dariya suke, wai masani ya koma ɗalibin masu fartanya. Da haka ya zana taswira, ya shafa ja duk inda bai kamata a ɗora bene ba. Aka yi taro, aka tafa, aka ci shinkafa, aka jefa taswirar a durowa.

Yaya, da za ka leƙo yau, me za ka ce? A tsakiyar jan nan an gina makaranta mai hawa uku. Can nake koyarwa, ajina a sama, cike da yara.

Na kai wa mai makarantar kwafin taswirar. Ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Haba Malama, mutuwa ai ta Allah ce." Na ce, "Oga, dukiya ma ta Allah ce, amma kana kulle motarka." An ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. To a nan mai ƙin jin barin daban, masu jin hohon daban, kuma 'ya'yan mutane ne.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ba a sa wa ko lungu sunanka ba. Abin da ya rage naka shi ne ɗan abin da ka koya min: duk Litinin nakan buga tebur, yarana su shige ƙarƙashin benci su rufe kai, suna ƙyalƙyala dariya don sun ɗauka wasa ne. Mai makaranta ya aiko in daina, wai ina tsorata iyaye. Gobe Litinin, kuma sai na buga.