Daga Jidda Zuwa Ɗakin Inna

Jama'a, wallahi wannan abu a kaina ya faru, shekarun baya lokacin ina aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi, ina zaune a gidanmu na Yakasai a Kano tare da mahaifiyarmu, Inna.

Yayana Sabo tela ne a Jidda, ya daɗe rabonsa da gida, kullum sai ya ce bayan aikin hajji, hajjin ya wuce ya ce na baɗi. Da jikin Inna ya yi tsanani na kira shi na ce Yaya ka bar ɗinkin nan ka taho, ni da kaina na yankar masa tikiti.

Ranar da zai taso, da hantsi, Inna ta tambaye ni nisan tafiyar. Ni kuma da iyayina na ɗan ofis na fara jero mata kilomita da awa huɗu da ɗoriya, har da cewa agogonsu ya riga namu. Ta harare ni ta ce, "Kai ni ban san awa ba, faɗa min da salla." Na ce idan ya yi azahar a can ya hau, to la'asar a nan zai yi ta. Ta yi murmushi ta ce, "Ashe kusa ne. To zan jira shi."

Mun idar da azahar ke nan, jirgi ko rabin hanya bai wuce ba a lissafina, ina zaune bakin gadonta, sai na ga ta zuba wa ƙofa ido fuskarta ta washe. Ta ce, "Sabo, ka iso? Kai, ka rame." Na waiga, ba kowa, labule ko motsi bai yi ba. Ta miƙa hannu tana shafa iska a hankali, tana sa albarka, ni kuwa hawaye kawai nake. Daga nan ta yi kalmar shahada, shi ke nan. Innalillahi!

Aka ce a jira shi kafin a kai ta. Na tafi filin jirgi ina ta saƙa yadda zan gaya masa, don na hana kowa kiransa, wayarsa ma a kashe take. Yana fitowa ya rungume ni, kafin in buɗe baki ya ce, "Allah Ya jiƙan Inna. Na same ta." Wai barci ne ya ɗan ɗauke shi a sama, sai ga shi a ɗakinta, ta shafa kansa ta ce ya rame.

Na ce Yaya mafarki ne. Ya ce, "To, ai kana bakin gado kana kuka, hularka a bai-bai. Ga ta nan har yanzu ba ka gyara ba."

Na cire hular na duba, wallahi a bai-bai take, tun safe, ba wanda ya lura. Har yau in na tuna daɗi nake ji, don ta ga ɗanta.

Ban san me ya faru ba, Allah ne masani. Ni dai shawarata, in kana da tsohuwa a gida kana nesa, kada ka jira sai an kira ka. Ba kowa ake kaiwa gaban mahaifiyarsa kamar Sabo ba kafin jirgi ya sauka.